Kafin A Yi Fulasta: Bi Da Wayoyin Kallo Da Sauti Ta Cikin Bango

 Yau falo za mu shiga, mu leƙa bayan talabijin.

Duk wanda ya rataye talabijin a bango ya san abin da zan faɗa. Allo ya zauna ɗas, ya yi wa ɗaki kyau, amma ƙarƙashinsa ga wayoyi sun zubo reto: ta wuta, ta dish, ta dikoda, ta sifika, ga kuma ta intanet. Ƙura ta taru a kansu, yaro mai rarrafe yana ja, uwargida ta zo shara ta ture ɗaya hoto ya ɗauke. Shi ya sa mutane da yawa yanzu suke so a ɓoye wayoyin nan cikin bango. Tunani ne mai kyau, ina kuma goyon bayansa. Abin da yake damuna shi ne yadda ake yin aikin a gidaje da yawa: a fasa bango, a kwantar da waya tsirara, a yaɓa mata siminti, a shafe da fenti. Ranar da wayar ta lalace, ko aka sauya na'ura, sai guduma.

Abin da ya kamata a binne a bango shi ne bututu, wato fayif ɗin roba na wayarin. Ita waya zura ta ake yi a cikinsa. Ku dubi wando: tela yana ɗinka ƙubaka ne, sannan a zura zariya. In ta tsinke a zare ta a sa wata, wando yana nan lafiyarsa ƙalau. Haka bututu yake da waya.

Me ya sa na dage a kan wannan? Saboda gini yana daɗewa, su kuwa wayoyin kallo ba sa daɗewa ana yayinsu. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 sun san bidiyo mai kaset, da wayarsa guda ɗaya da ake sokawa a ramin eriya. Aka koma mai kai uku, ja da fari da ruwan ɗorawa. A ƙarshen shekarar 2002 aka fitar da tsarin HDMI, wanda ya haɗa hoto da sauti a waya ɗaya. Shi ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A 2009 aka sabunta shi, a 2013 aka fitar da wanda ake kira 2.0 mai ɗaukar gigabit 18 a daƙiƙa ɗaya, a 2017 kuma 2.1 ya zo da gigabit 48. Ramin da ake soka wayar bai sauya ba, amma wayar da aka saya a 2010 ba lallai ta iya ɗaukar hoton talabijin ɗin yau ba. To gidan da kake ginawa, maigida, jikokinka ma za su zauna a cikinsa in Allah ya so. Wace waya za ka binne yau da za ta kai wannan lokacin?

Mu fara da girman bututun, don nan ne aka fi yin asara. Masu wayarin a ƙasar nan sun saba da fayif mai milimita 20 da mai 25, kuma sun wadatar ga wayar wuta. Wayar wuta kai ba ta da shi, zura ta kawai ake yi a yanke. Wayar HDMI kuwa da kanta take zuwa daga kamfani. A cikin kan nan akwai 'yan ƙarafa 19, kowanne da siririyar wayarsa, ba abin da za a yanke a sake haɗawa a tsakar gida ba ne. Faɗin kan, in an haɗa da robar da ta rufe shi, yana kai wajen milimita 20. Ramin fayif mai 20 bai kai haka ba, saboda kaurin robarsa ya ci wani abu. Mai 25 kuwa kan zai shiga da ƙyar, ya yi tafiya kaɗan, yana isa kwana ya cije. Sai ka ga yaron mai wayarin yana ja ta sama, ogansa yana turawa ta ƙasa, har kan ya fizge ya bar wayar a ciki. Saboda haka tsakanin bayan talabijin da inda dikoda za ta zauna, kada a sa abin da ya gaza milimita 32. In da hali a sa mai 40 ko 50, tunda tafiyar gajeriya ce, da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi.

Za ka iya jin mai wayarin ya ce, "Alhaji, ai wannan ɓarnar kuɗi ce, mai 20 muke sa wa kowa." Ka amsa masa da lalama, "Malam, ɗauko wayar ka zura mu gani tukuna." Gwaji ɗaya zai raba gardamar.

Sai kwana. Duk kwanar da bututu ya yi tana ƙara wahalar jan waya. Ƙa'idar masu shimfiɗa wayoyin sadarwa ita ce kada a wuce kwana biyu cikakku tsakanin akwati da akwati, kuma kada tafiya ta wuce mita 30 ba a sa akwatin da za a iya buɗewa a ja ba. Kwanar ma ta zama mai lanƙwasa a hankali. 'Yar gwiwar nan mai kaifi da ake sa wa fayif ɗin ruwa ba ta dace da wannan aiki ba. Kada kuma a cika bututu taf; in wayoyi sun ci kashi 40 cikin 100 na ramin, ya isa. A bar igiyar leda mai ƙarfi a ciki, ta leƙo ta kowane baki, don ranar da za a ƙara wata waya. Kuma duk lokacin da aka ja sabuwar waya da igiyar, a ɗaura wata igiyar su shiga tare.

Wani abu ƙarami da ake mantawa: toshe bakin bututu kafin masu fulasta su zo. Dunƙulen siminti ɗaya in ya faɗa ciki ya bushe, aikin ya tashi a banza. A cusa takardar buhun siminti, a naɗe da salatif. Bayan an gama gini ma, bakin da ba a yi amfani da shi ba a sa masa murfi, domin zanzaro yana son irin wannan rami, zai cika shi da laka, kyankyasai kuma su mai da shi hanya daga ɗaki zuwa ɗaki.

Yanzu bangon kansa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ana cikin ɗora bulo, ko an gama ɗorawa ba a yi fulasta ba. Bulonmu na inci 6 da inci 9 yana da rami a ciki, magini mai haƙuri zai iya bi da bututu ta ramin yana ɗorawa, ba tare da an fasa komai ba. In kuwa sai an tsaga, a yi amfani da injin yanka a ja layi biyu, sannan a cire tsakiya da sannu. Dukan bulo da guduma kai tsaye yana girgiza bango, tsagar da ba ka gani yau ba za ta fito bayan damina. A dokar gini ta Ingila, wadda masu aikinmu suka gaji abubuwa da yawa daga gare ta, tsagar da ta miƙe tsaye ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, wadda ta kwanta kuma ba ta wuce ɗaya cikin shida. A bangon inci 6, wato milimita 150, ta tsaye milimita 50 ke nan, ta kwance 25 kacal. Dalili a fili yake: tsagar kwance tana yanke bango ne a inda yake ɗauke da nauyin abin da ke samansa. Ginshiƙi da lintal da bim kuwa, ina roƙonku, kada a taɓa su ko kaɗan. Kankaren da ya rufe rodi shi yake hana shi tsatsa, kuma su suke riƙe da gidan. Babu talabijin ɗin da ya kai a raunana ginshiƙi dominsa.

Kada a bi da bututu a karkace don a rage tsawo. Ya tashi daga akwati ya miƙe sama ko ƙasa sak, ko ya bi gefe a miƙe. Hikimar ita ce duk wanda ya zo daga baya da abin huda bango, yana ganin akwati zai san akwai wani abu a samansa da ƙasansa, ya kauce. Kafin a yi fulasta, ɗauki wayarka ta hannu ka ɗauki hoton kowane bango, a miƙa tef ɗin awo a jikinsa yadda lambobin za su fito. Ka tura wa wani ɗan uwa hotunan don kada su ɓata in waya ta lalace.

Masu gidan ƙasa, da 'yan haya, ba a bar ku a baya ba. Bangon laka ba ya son tsaga, ɗan haya kuma ba shi da hurumin fasa bangon mutane sai da izinin mai gida. Akwai kwasfar roba mai murfi da ake kafawa a jikin bango, masu sana'a suna ce mata tirankin. A bi da ita ta gindin bango ko ta kusurwa, a shafa mata fentin ɗakin. Tana da kyau daidai gwargwado, kuma kullum kana iya buɗe ta.

Mu zo kan maganar da ta shafi rai. Wayar wuta da wayar hoto ko sauti ko intanet ba sa zama a bututu ɗaya. Wutar gidajenmu volt 230 ce. In rigar wayar wuta ta goge a cikin bututu ta taɓa wayar dish, wutar za ta bi ta har bayan dikoda, har kan kwanon da yaro zai hau ya gyara. Wannan shi ne babban dalili. Na biyu, wayar wuta tana yaɗa wani maganaɗisu a kewayenta, wanda yake shiga wayar sauti ya zama gurnanin nan da ake ji a sifika, musamman in an ta da janareta. In za su yi tafiya kafaɗa da kafaɗa, a bar tazarar kamar santimita 30 tsakaninsu. In dole sai sun haɗu, ɗaya ta gitta ɗaya ta wuce.

Haka kuma igiyar wutar da ta zo da talabijin, da wayar ƙari mai soket da yawa, ba a yi su don zama cikin bango ba. A sa soket na gaske a bayan talabijin, wanda ƙwararre ya ja masa waya. Wannan ɓangaren ba na gwaji ba ne. Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita take ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa a Najeriya, kuma ba laifi ba ne ka nemi ganinta. In gidan yana da sola ko inbata, tun yanzu a yanke shawara ko soket ɗin talabijin da na na'urar intanet za su hau layinta.

Wayar dish ita ce ta fi shan wahala a duk wayoyin gida, don rabinta a waje take, rana ta dake ta, ruwa ya dake ta. Wadda ta dace ita ce RG6. Akwai siririya da ake kira RG59, ta kyamarar tsaro ce, in aka sa ta a dish mai nisa sigina tana raguwa. Wayar nan aiki biyu take yi: tana kawo hoto daga sama, tana kuma kai wuta 'yar kaɗan, volt 13 ko 18, daga dikoda zuwa na'urar da ke bakin kwanon. Shi ya sa haɗi ɗaya mara kyau yake iya ɗauke rabin tashoshi ya bar rabi. Kada a yi mata haɗi a cikin bango. Ta tafi a ɗinke daga kwano har akwati. Tunda gidajenmu da yawa kwano biyu suke da shi, ɗaya na tashoshin biya kamar DStv ko StarTimes, ɗaya na tashoshin kyauta da ake kamowa daga Nilesat ko Arabsat, a ja waya biyu zuwa babban falo tun farko.

Ga abin da nake so ku duba da idonku in kun koma gida. Inda wayar dish ta shiga bango, shin daga sama ta gangaro ta shige kai tsaye? In haka ne, ruwan sama yana bin jikinta yana shiga. A saki wayar ta sauko ƙasa da ramin kaɗan, ta yi lanƙwasa, sannan ta hau ta shiga, yadda ruwa zai ɗiga a ƙasan lanƙwasar. Ramin kuma a huda shi bakinsa na waje ya fi na ciki yin ƙasa. In kun kwance kan wayar kuka ga saƙar ƙarfen da ke ƙarƙashin riga ta yi baƙi, ko tana fitar da farin gari, ruwa ya riga ya shiga. Irin wannan ba ta gyaruwa, sai sauyi, kuma a nan ne mai bututu zai gode wa Allah.

Akwai gidajen da in ka taɓa ƙarfen bakin wayar dish za ka ji ya ɗan ja ka. Alama ce ta cewa gidan ba shi da wayar ƙasa, wadda masu wayarin suke kira atin, ko kuma ta tsinke. Wutar da ke yoyo daga na'urori ba ta da inda za ta bi. Ita ce take ƙona ramin HDMI in an soka waya alhali na'urori suna kunne. A kira ƙwararre ya kafa sandar jan ƙarfe a ƙasa, a wuri mai danshi, a haɗa kwanon dish da rigar wayarsa da ita. Ko da an yi haka, in hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare wayar dish da ta wuta. Kashe makunni kaɗai ba ya tare tsawa.

Tsawon HDMI shi ma yana da iyaka. Ta jan ƙarfe zalla tana kai wajen mita 10 da hoto na yau da kullum, amma ga hoto mai nauyi irin 4K, da ta wuce mita 5 sai a fara ganin allo yana ƙiftawa ko yana ɗaukewa. In tafiyar da nisa, akwai mai zaren gilashi a ciki. Ita wannan tana da gaba da baya, an rubuta a kanta wane kai ne na dikoda, wane ne na talabijin. A karanta kafin a zura.

Wani zai ce, ina ruwana da wayar intanet, ga Wi-Fi? Gidajenmu na bulo da kankare ne, benenmu kuma kankare ne cike da rodi, duk suna shanye sigina. Wi-Fi mai saurin nan na gigahaz 5 ya fi na 2.4 saurin raunana in ya haɗu da bango. Talabijin ba ya yawo, saboda haka a ba shi waya, a bar iska ga wayoyin hannu. Tun da Starlink ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023, ga kuma kamfanonin da ke kawo zaren gilashi har gida a manyan birane, gidaje da yawa sun samu intanet mai ƙarfi a bakin ƙofa, amma ba ya isa ɗakin uwargida. Waya ce maganin. A zaɓi wuri ɗaya mai iska a tsakiyar gida inda na'urar intanet za ta zauna, kowane ɗaki a ja masa wayarsa daga can. Cat6 ta isa: tana ɗaukar gigabit 1 har mita 100, gigabit 10 kuma har wajen mita 55. A cikinta akwai wayoyi 8, an murɗe su biyu-biyu, kuma murɗin nan shi yake kare ta daga hayaniyar wuta. Don haka ba a fizgar ta, ba a karya ta a kwana, ba a danne ta da ƙusa, kuma wajen haɗa kai ba a warware murɗin fiye da milimita 13.

A kasuwa kuma a buɗe ido, ko a Sabon Gari ta Kano kake saye ko a Alaba ta Legas. Akwai wayar da cikinta alminiyam ne, aka yi mata wankan jan ƙarfe a sama. A ido ba ka bambance su. Ka ce wa mai shago ya yanko maka ɗan guntu, ka feɗe rigar, ka kankare ƙarfen da reza. In ja ne har ciki, ta gaske ce. In fari ya bayyana yana ƙyalli, alminiyam ce. Ko ka kara mata ashana: ta alminiyam nan take za ta lanƙwashe ta zube, ta jan ƙarfe kuwa za ta yi ja ta tsaya. Kwalin da ke ɗauke da mita 305 na jabun ma ya fi sauƙi a hannu. Tana karyewa a wajen haɗi, tana zafi in an bi da wutar kyamara ta cikinta. Araha ba ta ado, balle a abin da za a rufe cikin bango. A cikin silin kuma, ƙarƙashin rufin kwano inda zafin bazara yake taruwa ɓeraye kuma suke kai da kawo, nan ma a sa ta a bututu, kada a yar da ita a kan katako.

Wayar sifika ba ta da wuya. Mai kaurin milimita 1.5 ta isa yawancin falo, in tafiyar ta yi nisa a sa mai 2.5. Ja ya tafi ga ja, baƙi ga baƙi a kowane ɓangare. In aka juya ɗaya, sautin ƙasa mai kauri zai yi rauni. Ko ba ka da niyyar sayen sifikun baya yanzu, ka kai bututu bangon da ke bayan kujeru, ka rufe shi da murfi.

Tsayin da za a kafa akwatin bayan talabijin kuwa, zama za ka yi ka auna. Tsakiyar allo ta yi daidai da idon wanda ke zaune, a kan kujera wajen mita ɗaya ke nan ko sama kaɗan. A gidajenmu da yawa a kan kafet ko darduma ake zama a yi kallo, yara da iyaye mata musamman, don haka rataye talabijin can kusa da silin wahalar da wuyansu ne. In ka tsai da wurin, ka matsar da akwatin gefe kaɗan daga tsakiya, don kada ya faɗa daidai inda ƙarfen ratayewa zai zauna.

Kafin a ɗaure murfin akwatuna a sallami mai aiki, a gwada kowace waya. A haɗa dikoda a ga hoto, a kunna sifika ɗaya bayan ɗaya, wayar intanet kuma a sa mata 'yar na'urar gwaji mai fitilu 8, a tabbata duk sun kama bi da bi. Sannan a naɗa salatif a bakin kowace waya ta ɓangarorin biyu, a rubuta inda ta nufa: falo, ɗakin maigida, ɗakin yara, zaure.